Asirin da Na Rufa wa Injiniya

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni ma na dafa nawa, wata uku da 'yan kwanaki, amma ba haƙuri ne ya zaunar da ni a bakin murhun ba, fushi ne. Gara in faɗa tun yanzu, don kada wani ya ɗauka labarin wata baiwar Allah mai sanyin zuciya zai karanta.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Talata Mafara. Mu mutanen Bakura ne. Ranakun aiki ina kwana a gidan yayata a Mafara, ranar Juma'a da yamma in hau mota in koma gida. Babanmu dillalin shanu ne. Bai yi boko ba, haruffa duk kamarsu ɗaya a idonsa, amma lamba kam ya san ta kamar yunwar cikinsa. Shekara talatin yana riƙe wa wani Alhaji na Maradun igiya a karar Mafara, wato duk shanun da Alhajin ya kawo ranar Talata, Baba ne ke tsayawa a kansu har su sami mai saye. A gidanmu ba a kama sunan mutumin nan, sai dai a ce Maigida.

Ɗan Maigida kuwa shi ne Injiniya. Ban san wanda ya naɗa masa wannan sarauta ba. Na dai san ya tafi birni ya dawo da jakar kwamfuta da tabarau wanda babu likitan da ya rubuta masa, daga nan sunan ya bi shi. Shi ya yi wa makarantarmu shafin intanet na duba sakamakon jarrabawa, Hajiya mai makarantar kuwa tana ji da shafin nan kamar ta goya shi. Kowane uba an ba shi 'yar takarda mai ɗauke da adireshin shafin ɗansa. Ya shiga da wayarsa, ya ga makin yaron da hotonsa, a ƙasa kuma ga unguwarsu, ga kwatancen gida, ga lambar wayar uban.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a da ke cinye mini data. A mota tsakanin Mafara da Bakura, fasinja na musu kan taki da farashin albasa, ni ina can cikin waya ina karanta labaran fasaha: kamfanin da aka yi wa kutse, manhajar da aka gano ɓaraka a jikinta, sabuwar wayar da ba zan taɓa iya saye ba. A nan na koyi cewa yawancin ɓarayin intanet ba katanga suke fasawa ba, ƙofa suke tararwa a buɗe. Na kuma koyi al'adar masu binciken irin wannan ɓaraka. Idan mutum ya gano ta ba ya shela. Yakan rubuta wa mai manhajar a asirce, ya ba shi kamar wata uku ya gyara, sai wa'adin ya cika sannan ya faɗa wa duniya. Abin ya burge ni ƙwarai, na ce ashe su ma sun san rufin asiri. Kalmar rubutawa ce ban riƙe da kyau ba.

Ranar da abin ya faru, yayata ce ta ba ni takardar ɗanta ta ce in duba mata sakamakonsa. Na shiga, na karanta mata, ta yi masa faɗan lissafi ta koma kicin. Ni kuwa idona ya tsaya a kan adireshin da ke saman shafin. Ƙarshensa lamba ce, 214. Yatsana ya yi ƙaiƙayi, na goge huɗun na sa biyar. Sai ga hoton wata yarinya 'yar aji biyu, da makinta, da kwatancen gidansu, da lambar babanta. Babu kalmar sirri, babu tambayar ko ni wace ce. Na sa shida, ga wani yaron. Na yi ta sauyawa don in tabbata ba kuskure ba ne, har na buɗe goma sha ɗaya, sannan na kife wayar a kan cinyata.

Wanda ba ɗan yankinmu ba ne zai iya cewa mene ne a ciki. Mu a nan, mutum ba ya faɗa wa amininsa ranar da zai yi tafiya. Hoton yaro da kwatancen gidansu da lambar ubansa, a haɗe wuri ɗaya, shi ne duk abin da masu satar mutane ke nema, kuma ga shi a shimfiɗe ga duk wanda ya iya ƙirga ɗaya, biyu, uku.

Na yi niyyar zuwa wurin Hajiya kai tsaye, amma Juma'a ce, sai na tafi gida da maganar a bakina. Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana gyaran wata igiya, na zayyana masa komai yadda zai gane.

Ya ce, "Wa ag gina abin?"

Na ce, "Injiniya."

Ya murza igiyar. Sannan ya ce, "To ki ji. Ɗan Maigida na. In kin kai ma Hajiya kin tona mai asiri, kin tona ma ubanai. Tahi ki same shi, shi kaɗai, ki hwaɗa mai cikin mutunci shi gyara. Wanda yar ruhwa asirin wani, Allah na ruhwa nai."

Wannan shi ne mutumin da ko gurguwar akuya ba ya sayarwa sai ya kira mutum biyu sun tsaya sun ji an ce an sallama. Shi ne ya tura ni ba shaida. Ni kuma mai karatun duniya, wadda ta karanta a rubuce ake yi, na tafi da bakina kawai, domin a wurinmu ka kai wa ɗan maigidan ubanka gyara a takarda tamkar ka kai shi ƙara ne.

Ranar Litinin bayan an tashi na je shagonsa kusa da tasha. Muka gaisa har gaisuwa ta gaji: ina gajiya, ina mutanen Maradun, ya jikin Inna, ya zafi, ya ɗalibai. Ya buɗe firji ya miƙo mini lemo mai sanyi. Na ce, "Yaya, wata 'yar magana ta kawo ni," na nuna masa a wayata, na sauya lamba ɗaya a gabansa. Na ga goshinsa ya tsatso da gumi duk da fankar da ke kansa.

Ya ce, "Kai, ƙanwata, Allah shi yi maki albarka. Guda nawa kinka buɗe?"

Na ce goma sha ɗaya.

"Wa kinka hwaɗa ma?"

"Baba kaɗai."

"Madalla. Bar shi nan, kar ki daɗa hwaɗa ma kowa. Yau ɗin ga zan gyara."

Na shanye lemona na fito ina jin kaina wata 'yar aljanna. Har yau idan na ga irin kwalbar nan raina yana ɓaci.

Kwana huɗu bayan nan Hajiya ta aiko a kira ni ofis. Na tarar da Injiniya zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, a kan tebur kuma ga takarda da ya buga, sunayen yara goma sha ɗaya da lokacin da aka buɗe shafin kowannensu. Ya bi huɗu daga ciki ya ja musu layi da jan biro, 'ya'yan manyan 'yan kasuwar gari.

Hajiya ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Malama, kin buɗe waɗannan ko ba ki buɗe ba?"

Na ce na buɗe, kuma ni ce na je na faɗa wa Injiniya cewa shafin a buɗe yake ga kowa.

Ya cire tabarau ya dube ni da mamaki, mamakin da na rantse ya kwana yana gwada shi a madubi. Ya ce, "Ni? Hajiya, gaisuwa taz zo yi, har lemo nib ba ta. Shahin ga ƙarhe na, ba mai iya shiga sai wanda yas san sirrin kwamfuta. Kutse na anka yi muna, na bi sawu ya kai ni gare ta." Sai ya sassauta murya. "Ni ban ce komi ba hwa. Amma zamanin ga da muke ciki, ya kamata a tambaye ta wa za ta kai ma."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Wa ash shaidarki?"

Ba ni da shi. Hajiya ba ta san komai game da kwamfuta ba, ta san dai shi Injiniya ne ni kuma malamar da ta ɗauka bara. Na roƙe ta ta ɗauko wayarta in nuna mata da idonta, shi kuma ya ce kada ta kuskura ta bar ni in taɓa mata waya. Kafin azahar na fito daga makarantar da jakata da kofin shayina.

Korar ba ita ta dame ni ba. Kalmar da ya jefa ba tare da ya furta ta ba, ita ce ta riga ni isa Bakura. Infoma, mai kai wa masu satar mutane rahoto. A ƙasarmu wannan kalma ba zagi ba ce kawai, tana iya zama ajalin mutum. Na shiga gidan suna a unguwarmu, hira ta ɗauke ɗif, wata mata da muka yi wasan ƙasa tare ta jawo 'yarta daga kusa da ni ta zaunar da ita a bayanta. Masu kawo wa Inna ɗinki suka ragu. Baba ya hau babur ya tafi Maradun wurin Maigida, ya dawo bayan magariba bai ci tuwo ba. Daga baya Inna ta faɗa mini abin da aka ce masa: sha'anin yara ne, ya bar shi, ya dai ja wa ɗiyarsa kunne.

Baba ya ce in bar wa Allah. Na ce to. Na bar wa Allah, amma ban ga inda aka ce idan ka bar wa Allah sai ka manta hanyar shagon mutum ba.

Ba zan ɓoye irin tunanin da na yi a watannin nan ba. Na san shafin da ya bar ƙofar gaba a buɗe, ta baya ma ba za ta yi wuya ba. Na yi ta raya yadda zan shiga in cire tambarin makaranta in sa hoton jaki da tabarau. Na raya in goge komai, ranar ba da sakamako iyaye su tarar da fili. Ina wanke-wanke ina tsara abin dalla-dalla, har in ji ina murmushi ni kaɗai. Abu ɗaya ya hana ni, kuma ba tsoron Allah ba ne, Allah Ya yafe mini. Idan na yi haka, na mayar da ƙaryarsa gaskiya da hannuna. Ni kuwa ba shafinsa nake so in rushe ba. So nake ya buɗe bakin nan da ya ce wa ash shaidarki, ya ce ta zo ta faɗa mini, a gaban mutane masu yawa.

Don haka ban ƙara taɓa shafin ba ko sau ɗaya. Na ce tunda al'adar masu binciken ce na ara rabi na bar rabi, bari in cika ta. Na ba shi wata ukunsa, ina jan layi a kalandar ɗakin Inna. Na ci gaba da karanta labaraina, kuma duk lokacin da na ci karo da kamfanin da aka nuna wa ɓaraka ya juya ya kai mai nunawar ƙara, sai in ce ashe Injiniya yana da dangi har a ƙasashen Turawa.

A ƙarshen wata na uku mai unguwa ya yi sallama a ƙofar gidanmu tare da 'yan sa-kai biyu. Cikin ladabi suka yi magana, sun ce an kai musu zance ne, suna so su duba wayata. Suka tafi da ita kwana biyu suka dawo da ita ba su sami komai ba. Amma duk unguwa ta ga tsayuwarsu a ƙofarmu, kuma Baba ne ya miƙa musu wayar da hannunsa.

A makon ne yayata ta zo da sabuwar takardar zango, ta kuma ce ranar Asabar ta sama akwai taron iyaye da malamai, Injiniya zai yi bayani kan tsaron shafi don hankalin iyaye ya kwanta. Na ce ta buɗe shafin ɗanta da hannunta, ni kallo kawai zan yi. An sauya launi daga shuɗi zuwa kore. A shafin farko an sa hoton ƙaton kwaɗo mai makulli. Adireshin kuwa yana nan yadda na bar shi, da 214 a ƙarshensa. Wannan bai tabbatar da komai ba, domin ana iya toshe ɓarakar ta ciki a bar lambar. Amma na san mutumin. Wanda ya ga ƙofa a buɗe ya zana mata hoton kwaɗo, ban yi zaton ya san inda ake sayar da na gaske ba.

Na sami Baba a zaure, na durƙusa, na faɗi maganar da 'ya mai kunya ba ta faɗa wa ubanta.

Na ce, "Baba, kai kac ce in ruhwa mai asiri. Na ruhwa. Ga inda yak kai mu."

Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce, "Mi kike so in yi?"

Na ce Injiniya ya faɗa wa duniya sai masanin sirrin kwamfuta ke iya buɗe shafin. Idan ni na buɗe, an ce kutse. Idan wani malami ya buɗe, an ce ni na koya masa sihirin. Amma idan dillalin shanu wanda kowa ya san bai taɓa zama a aji ba ya buɗe shi da babban yatsansa a gaban iyaye, magana ta ƙare. Mijin yayata yana Kudu da motar shanu, don haka kakan yaro yana da hurumin zuwa taron. Na kuma faɗa masa gaskiya, cewa ban tabbata ƙofar tana buɗe har yanzu ba.

Ya ce, "In ya ruhe hwa?"

Na ce, "Mun kunyata mu biyu, kuma ba mai ƙara yarda da ni har in mutu."

"In kuma tana buɗe, Maigida ya kunyata."

Na san abin da wannan ke nufi gare shi, kuma duk da na sani ban janye ba. Ya miƙo hannu ya ce in kawo wayar ya gani.

Kwana shida muna gwaji a wurin rubuta saƙo na wayar yayata, wadda ta bar mana, ba a shafin ba. In rubuta dogon layi mai lamba a ƙarshe, shi kuma ya taɓa ƙarshen, ya goge, ya sa wata. Yatsansa ya yi kauri, igiya ta cinye masa laushi, gilashin wayar ma wani lokaci ba ya jin sa. Ya danna huɗu bakwai ta fito, ya yi tsaki ya ce wannan abu ya fi maraƙi gardama. Inna tana leƙowa tana dariya, wai tsoho ya shiga makaranta. A kwana na biyar ya yi sau goma a jere ba kuskure.

Ranar Asabar da hantsi aka cika babban ajin makarantar, maza a gaba, mata a baya. An hana ni shiga harabar, don haka na sa niƙabi na bi yayata na zauna cikin iyaye mata, babu wanda ya kula. Injiniya ya zo da majigi da sabuwar shadda. Ya yi bayani mai tsawo, rabi da Turanci, ya nuna hoton kwaɗon nan a bango. Ya ce an sami ɓata-gari a cikin gida a zangon baya, amma an gano ta an kawar da ita, yanzu ko daga Amurka aka zo ba a shiga. Aka tafa masa.

Da aka ce ko akwai mai tambaya, Baba ya miƙe. Ya gai da Hajiya, ya gai da malamai, ya gai da liman da Sarkin Fawa da ke zaune a layin gaba, ya gai da Injiniya ya tambaye shi lafiyar mahaifinsa. Sannan ya ce, "Jama'a, kun san ni. Ni ban san bihim ba. Amma a kara ba mu ciniki sai da shaidu. Liman, Sarkin Fawa, ina roƙon ku matso ku tsaya min." Suka matso suna duban juna. Ya ɗaga wayar yayata da shafin jikansa a buɗe. "Wanga jikana na, lambatai ɗari biyu da sha huɗu. Ba ni buɗe ɗan kowa ba da izini ba. Wa ka ba ni lambar ɗanai?"

Injiniya ya fara cewa Hajiya lokaci ya tafi. Sarkin Fawa ya ɗaga masa hannu, ya laluba aljihu ya fito da takardarsa ya ce, "Ɗari da tamanin da takwas. Buɗe mu gani."

Baba ya sunkuya. Daga inda nake ina hango yatsan yana tafiya a hankali, goge, goge, goge, ɗaya, takwas, takwas. Ya danna. Sai sabis ya tsaya, abin nan ya yi ta juyawa. Yayata ta damƙe hannuna. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Injiniya ya fara murmushi yana gyara tabarau.

Sarkin Fawa ya karɓi wayar ya kai ta kusa da idonsa. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Wanga ɗana na." Ya ƙara dubawa. "Ga lambata. Ga kwatancen gidana, har da iccen da ke ƙohwar gida."

Liman ya ba da lambar 'yarsa, Baba ya buɗe. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ba da tasa, Baba ya buɗe. Kafin na huɗu iyaye sun fito da nasu wayoyin, maƙwabci yana ba maƙwabci lamba, salati yana tashi ta ko'ina. Hajiya ta miƙe tsaye ta ce, "Injiniya, rufe shi yanzu!" Ya zauna gaban kwamfutarsa yana ta danne-danne, gumi na ɗiga a kan sabuwar shaddar. Daga ƙarshe ya ce sai ya kira wani a birni. Hajiya ta ce wane ne wani? A nan ya fito fili cewa ba shi ya gina shafin ba, sayensa ya yi ya sauya masa launi da tambari.

Baba bai zauna ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya ce, "Saura tambaya guda, ga shaidu. Ɗiyata ta zo shagonka ta hwaɗa maka wanga abu, ko ba ta zo ba?"

Injiniya ya dubi ƙasa. Ya ce wani abu can cikin maƙogwaro.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗage niƙabin na ce, "Yaya, mu nan baya ba mu ji ba."

Duk ajin ya juyo. Ya dube ni, na dube shi, kuma wallahi ban taɓa shan ruwan da ya kai wannan kallon daɗi ba. Ya ce, "Ta zo. Ta hwaɗa min."

Na ce, "Liman, ka ji?" Liman ya ce ya ji. Na ce, "Sarkin Fawa?" Ya ce ya ji, kuma zai faɗa a kara ranar Talata. Na koma na zauna.

Hajiya ta zo Bakura da kanta bayan kwana biyu, ta ce in koma aiki. Na ce zan koma, amma sai ta rubuta a takarda cewa ƙarya aka yi mini, ta sa hannu, a karanta a gaban ɗalibai, a kai kwafi ga mai unguwarmu. Ta yi. Aka rufe shafin, aka koma ba da sakamako a takarda kamar da. Matar nan ta gidan suna ta aiko mini da 'yarta da kwanon fura, na karɓa na gode, na ba kaji.

Talatar da ta biyo bayan taron, Baba ya yi shirin kara tun da asuba kamar kullum. Kafin azahar sai ga shi ya dawo. Shanun Maradun sun iso, mota biyu, Maigida ya sauko ya wuce shi bai ko dube shi ba, ya miƙa igiya ga wani dillalin. A gaban mutane, bayan shekara talatin. Na tarar da shi a zaure zaune, hannuwansa a kan gwiwa ba abin murzawa. Na durƙusa na ce ya yafe mini, ni na jawo masa.

Ya ce, "Igiya tai ta, ya ɗauki abinai. Suna kau naki na. Tashi ki kawo min ruwa."

Ina haɗuwa da Injiniya wani lokaci a bakin tasha. Ya rufe shagon, yanzu yana bin motocin ubansa. Ba na taɓa wuce shi. Nakan tsaya in gaishe shi cikakkiyar gaisuwa da murya mai ƙarfi, ina gajiya, ina mutanen Maradun, ya aiki, shi kuma yana amsawa yana neman hanyar tsallaka titi. Mutane suna cewa Malama akwai yafiya. Ba su sani ba. Abin da ya yi mini na rama, na ƙoshi. Amma har yau duk Talata Baba yakan sa rigarsa ta kara ya hau mota zuwa Mafara, ya tsaya a inda ya saba tsayawa da hannuwansa a baya, yana kallon wani yana riƙe da shanun Maradun. Wannan ban yafe ba, kuma ban ce zan yafe ba.